An Cuce Ni, An Zalunce Ni, Ko An Ƙware Ni? Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmomin Wanda Aka Yi wa Ba Daidai Ba

Sau da yawa wanda aka yi wa ba daidai ba ya san ransa ya ɓaci, amma idan aka ce ya kira abin da ke damunsa da sunansa sai ya kama kalmar da ta fi kusa da bakinsa, ko ta dace ko ba ta dace ba. Wani an yi masa ɗan ƙaramin rashin kyautawa ya ce an zalunce shi, wani kuwa an danne masa haƙƙi shekara da shekaru amma abin da yake iya faɗa bai wuce "raina bai yi daɗi ba". Dukansu biyu sun kauce, domin na farko ya ɗora wa wani nauyin da ba nasa ba, na biyu kuma ya binne haƙƙinsa da hannunsa. Tambayoyin da ke tafe an tsara su ne domin a auna waɗannan kalmomi, a ga nauyin kowace da wurin da take zama.

Ta ina ya kamata a fara rarrabe waɗannan kalmomi?

A fara da lura cewa abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Akwai sunan abin da aka aikata, kamar zalunci, cuta, ƙwara, danniya da cin amana. Akwai sunan abin da zuciya ta ji a lokacin, kamar haushi, takaici, ɓacin rai da ƙunar zuciya. Sannan akwai sunan abin da wannan ji yake zama idan ya kwana a ciki bai sami mafita ba, wato ƙullata, riƙo da gaba. Rukuni na farko zargi ne da ake ɗora wa wani, don haka yana buƙatar hujja. Rukuni na biyu labari ne mutum yake bayarwa game da kansa, babu wanda zai ƙaryata shi. Rukuni na uku kuwa hali ne da mutum yake da hannu wajen renonsa, kuma a nan ne wanda aka cuta yake fara samun nasa abin tambaya.

Mene ne bambancin zalunci da cuta?

Zalunci kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci ta sa mata ɗafin "-ci", kamar yadda ta yi wa adalci da ha'inci, haka kuma azzalumi ya shigo tare da harafin Larabci "al-" na farkon kalma manne a jikinsa. Malaman lugga sun daɗe suna fassara asalin kalmar da ajiye abu a inda ba muhallinsa ba, kuma saiwarta ɗaya da kalmar Larabci mai nufin duhu, abin da ya sa hadisin da ya ce zalunci duffai ne ranar alƙiyama yake da armashi na musamman ga wanda ya san harshen. Saboda wannan asali kalmar ta shigo Hausa da nauyin addini da na shari'a. Idan ka ce wa mutum azzalumi, ba aikinsa ɗaya ka soka ba, halinsa gaba ɗaya ka yanke wa hukunci, kuma ka nuna cewa akwai ranar da za a tsaya da shi. Zalunci yakan zo da fin ƙarfi: mai mulki a kan talaka, mai gida a kan yaronsa, babba a kan ƙarami. Shi ya sa maganar nan da ake yawan jinginawa ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, ba za a iya sauya kalmar cikinta da cuta ba tare da ta rasa ƙarfinta ba.

Cuta kuwa ta fi kusa da jiki, kuma ba banza ba ne kalma ɗaya take nufin rashin lafiya da kuma ha'intar mutum. Macuci ba lallai ne ya fi ka ƙarfi ba, sau da yawa ma dabara ya fi ka, ko kuwa yarda ka ba shi ya juya ta a kanka. Abokin ciniki yana cuta, aboki yana cuta, wanda ya yi alkawarin aure ya ɓata wa yarinya shekaru sannan ya janye an ce ya cuce ta. Akwai kuma wani bambanci na nahawu da ya kamata marubuci ya kiyaye: "ya cuce ni" da "ya cutar da ni" ba ɗaya ba ne. Hayaƙi yana cutar da huhu, magani yana iya cutar da mai shansa, amma ba a cewa hayaƙi ya cuce ni sai dai a salon magana, domin "cuce" tana ɗauke da zargin niyya. Mutum yana iya cewa "na cutu" ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba, kuma wannan siga tana da amfani ƙwarai a wurin da ake son a faɗi asara ba tare da an buɗe faɗa ba.

Yaushe ake cewa an ƙware mutum, kuma yaya take da danniya da wariya?

Ƙwara ta rabo ce. Ba a cewa an ƙware ka sai akwai abin da aka raba, ko kuɗi, ko aiki, ko lokaci, kai kuma aka ba ka ƙasa da abin da ya cancance ka, ko aka ɗora maka fiye da naka kason na wahala. Tana da sauƙi a kan zalunci, shi ya sa ana iya faɗinta tsakanin 'yan'uwa ba tare da zumunci ya tsinke ba. A rubuce tana kama da ƙwarewa ta gwaninta da kuma ƙwarewa ta shaƙewa da ruwa, jimla ce kaɗai take raba su. Idan ƙwarar ta kai ga wani yana wahala wani yana kwashe amfani, sai a ce an ci da guminsa, ko a kawo karin maganar kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Danniya tana nuna nauyin da ke bisa mutum yana hana shi ɗagowa, kuma ta fi dacewa da abin da ya daɗe yana gudana, ba abin da ya faru sau ɗaya ba. Daga wannan hoto ne aka sami danne haƙƙi, kusa da shi kuma akwai tauye haƙƙi da take haƙƙi, sai dai kowace da nata aikin: wanda aka tauye wa an ba shi amma an rage, wanda aka danne wa an hana shi alhali ana sane, wanda aka take wa kuwa an bi ta kai ba tare da an ko waiwaya ba. Wariya ita ce a fitar da mutum daga cikin jama'a saboda abin da yake, ba saboda abin da ya yi ba. Kalmar ta yi ƙarfi a bakin masu sauraron labaran duniya ta hanyar wariyar launin fata, tsarin da aka kafa a hukumance a Afirka ta Kudu daga 1948 har zuwa zaɓen 1994. A maganar yau da kullum ana cewa an mayar da mutum saniyar ware, ko an mayar da shi ɗan bora, kishiyarsu kuma su ne 'yan mowa da shafaffu da mai.

Me ya sa kalmar "ci" take yawan fitowa a wannan fage?

Wannan yana daga cikin wuraren da Hausa ta fi nuna hikimarta. Harshen yana kallon cutar da mutum a matsayin cinye wani abu nasa, kuma sunan abin da aka cinye shi ne yake bayyana irin raunin. Cin amana shi ne a cinye yardar da ka bayar, don haka baƙo ba ya cin amanarka, sai wanda ka sakar wa jiki. Cin mutunci shi ne a zubar da darajar da mutum ya tara a idon jama'a. Cin fuska ya fi shi ƙanƙanta amma ya fi shi kaifi, domin a gaban idonka ake yin sa, sau da yawa kuma a gaban waɗanda kake jin nauyinsu. Cin zali na babba ne a kan wanda ba zai iya ramawa ba, shi ya sa aka fi jin sa game da yara da marayu da masu rauni. Cin dunduniya a bayan ido ake yin sa, mutum yana tafiya ana warware masa abin da ya ƙulla.

Cin zarafi yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa. A da an fi jin sa da ma'anar wulaƙanta mutum da keta masa alfarma, amma a rubutun jarida na yanzu ya faɗaɗa har ya haɗa zagi, duka, tsangwama a wurin aiki da ma fyaɗe. Na fahimci dalilin, domin kunya tana sa a nemi kalma mai lulluɓi, amma a ganina lulluɓin ya yi yawa. Idan kalma ɗaya ta ɗauki baƙar magana da kuma babban laifin da ke ɓata rayuwar mutum, mai karatu ba zai san girman abin da ya faru ba, kuma wanda ke cin ribar wannan duhu shi ne mai laifin. Inda ake maganar shari'a ko rahoto, ya fi kyau a kira abin da sunansa.

Haushi, takaici, fushi da ɓacin rai, ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kodayake suna zaune gida ɗaya. Ɓacin rai shi ne babbar rumfa, duk sauran suna iya shiga ƙarƙashinta, kuma ita ce kalmar da ta fi aminci idan mutum bai riga ya tantance abin da yake ji ba. Haushi yana da wanda ake ji dominsa: ana jin haushin wane, wane yana ba da haushi. Yana da zafi, yana neman inda zai sauka, shi ya sa ake maganar huce haushi, kuma shi ya sa aka yi karin maganar haushin kaza huce kan dami, wato wanda ya yi laifin ya tsere, wanda ke kusa ya sha. Fushi shi ne ɓangaren da ake gani a fuska da murya da ɗauke ƙafa. Ana iya jin haushi a ɓoye shi, amma fushin da ba wanda ya gani da wuya a kira shi fushi. Yana da matakai kuma: a hasala, a fusata, a harzuƙa.

Takaici ya fi su duka zurfi, kuma shi ne na fi ganin ana yi wa gurguwar fahimta. Takaici yana zuwa ne a inda hannu ya gaza: ka ga abin da bai kamata ba, ka san bai kamata ba, kuma ba ka da yadda za ka yi. Shi ya sa ake ƙunsar takaici, ake haɗiye shi, ake hawayen takaici, alhali ba a cika cewa hawayen haushi ba. Yakan zo daga wanda ka sa wa rai, kamar ɗan da aka sha wahala a kansa ya watsar da karatu, kuma mutum yana iya jin takaicin kansa. Mai haushi yana neman wanda zai huce a kansa, mai takaici kuwa sau da yawa shiru yake yi, domin maganar ma ba ta da inda za ta je. Idan aka doki mutum aka hana shi kuka, abin da ya rage masa shi ne takaici.

Akwai kuma yin zuciya, wanda ya bambanta da duk waɗannan. Wanda ya yi zuciya ya janye ne saboda kare mutuncinsa: an yi masa gori a kan abu, sai ya bar abin ko da yana buƙatarsa. Wani lokaci yin zuciya ne yake tayar da mutum ya nemi na kansa, wani lokaci kuma asara kawai yake jawowa.

Me ya sa baƙin ciki yake da ma'ana biyu?

Domin jimla ce take juya shi. "Ina baƙin ciki da abin da ya faru" magana ce ta mai jimami. "Yana yi mini baƙin ciki" kuwa zargi ne na hassada, kuma ɗan baƙin ciki shi ne wanda alherin wani yake ƙona wa rai. Wannan kusanci yana da abin lura a cikinsa, domin hassada takan sa rigar wanda aka zalunta. Mutum yana iya cewa an ƙware shi alhali ba a taɓa kasonsa ba, abin da ya dame shi kawai shi ne wani ya samu. Hanyar tantancewa ita ce mutum ya tambayi kansa abin da zai kwantar masa da rai: idan a ba shi nasa ne, to maganar haƙƙi yake yi, idan kuwa sai an ƙwace na wancan ne, to hassada ce ko ƙyashi. Sai dai a kiyaye ɗaya gefen ma, domin masu danne haƙƙi sun iya kiran duk mai ƙorafi ɗan baƙin ciki don su rufe masa baki.

Mene ne ƙullata da riƙo, kuma yaushe suke zama gaba?

Ƙullata daga ƙulli take. Wanda ya ƙullace ka ya ɗaure abin da ka yi masa ya ajiye, yana iya gaishe ka, yana iya yi maka dariya, amma ƙullin yana nan. Riƙo kuwa ya fi zama sunan hali: ana cewa wane yana da riƙo, ko wance ba ta da riƙo, ana nufin yadda mutum yake da saurin saki ko rashinsa. Dukansu a ɓoye suke. Gaba ita ce lokacin da abin ya fito fili aka daina magana da gaisuwa, kuma tana buƙatar mutum biyu ko aƙalla ɗaya da ya yanke. Idan ta tsufa sai a ce akwai jiƙaƙƙiya a tsakani, idan ba ta kai haka ba a ce akwai 'yar tsama, idan kuwa ta yi tsanani a ce ba sa ga-maciji, wato ko ɗaya ya ga maciji zai sari ɗayan ba zai buɗe baki ya gargaɗe shi ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, a kan wannan mataki na gaba yake magana. Abin lura shi ne bai ce kada a ji zafi ba, iyaka ya sa wa yankewar.

Haƙƙi da alhaki kalma ɗaya ce?

Asalinsu ɗaya ne a Larabci, amma Hausa ta raba musu aiki. Haƙƙi shi ne abin da yake naka wanda ya wajaba a ba ka. Alhaki shi ne nauyin da ke hawa kan wanda ya hana ka. Kai kana neman haƙƙinka, shi yana ɗaukar alhakinka. Shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A rubutun zamani alhaki ya ƙara ɗaukar ma'anar nauyin aiki, kamar a ce alhakin hukuma ne ta yi kaza, ko wata ƙungiya ta ɗauki alhakin kai hari, amma tsohuwar ma'anar ba ta gushe ba.

Shin "Allah ya isa" zagi ne ko addu'a?

A lafazinta ba zagi ba ce. Cewa take yi Allah ya wadatar a matsayin mai hukunci, kuma ma'anarta tana kusa da abin da ya zo a Suratu Ali Imrana aya ta 173, inda muminai suka ce Allah ya ishe su. Amma a aikace Bahaushe ya san nauyinta, shi ya sa wanda aka yi wa Allah ya isa yakan tayar da hankali fiye da wanda aka zaga, har ya nemi a janye. Dalilin shi ne mai faɗinta ya sanar cewa ya ɗauke ƙarar daga hannun mutane ya kai ta inda ba a ba da toshiya, kuma bai yafe ba. Hadisin da aka yi wa Mu'azu ɗan Jabal wasiyya da shi lokacin da aka aike shi Yaman, cewa ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta domin babu shamaki tsakaninta da Allah, shi ne yake tsaye a bayan wannan tsoro.

Tana da 'yan'uwa masu sauƙi da masu nauyi. "Na bar shi da Allah" ta fi ta sanyi, domin tana nuna an janye hannu. "Allah ya saka mini" ta fi karkata ga neman mayar da abin da aka rasa. "Allah ya bi mini haƙƙina" ta fi fitowa fili da neman hukunci. "Ban yafe ba" kuwa ba ta ambaci sunan Allah ba amma kowa ya san inda ta nufa. Abin da nake ganin ya kamata a guje wa shi ne arahar da aka yi wa Allah ya isa, ana jefa ta a kan saɓanin da bai taka kara ya karya ba. Kalmar makamin wanda ba shi da kowa ce, kuma idan aka saba jin ta a kan komai, ranar da mai gaskiya ya faɗe ta ba za ta girgiza kowa ba.

Gaskiya ne rama cuta ga macuci ibada ne?

Wannan karin magana ne, ba aya ba ce kuma ba hadisi ba ne, kuma yana da kyau a san haka domin kalmar ibada da ke ciki tana ruɗar mutane. Abin da Suratus Shura aya ta 40 ta nuna shi ne sakamakon mummuna mummuna ne kwatankwacinsa, sannan wanda ya yafe ya gyara ladansa yana ga Allah. Kiristoci ma suna da gargaɗi a Romawa 12:19 cewa kada mutum ya ɗaukar wa kansa fansa. Matsalar ramuwa ita ce kiyaye kwatankwaci, kuma Hausa da kanta ta shaida cewa ba a cika kiyaye shi ba da ta ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Wace kalma ce ta dace da faɗin damuwa: ƙorafi, koke, ko mita?

Ƙorafi shi ne bayyana rashin gamsuwa, kuma shi ne ya fi dacewa da takardar da za a kai ofis. Koke ya fi shi nuna rauni da neman agaji, daga kuka yake, shi ya sa talakawa suke kai kokensu ga shugabanni. Ƙara ta shari'a ce, tana da mai ƙara da wanda ake ƙara. Gunaguni da ƙunƙuni ana yin su ne ƙasa-ƙasa, ba a nufin mai laifin ya ji sosai. Mita kuwa maimaitawa ce, kuma kalma ce ta suka: da zarar an ce mutum yana mita an daina sauraron abin da yake faɗa, an koma kallon yawan faɗinsa. A nan ma akwai wayo da ake yi, domin ƙorafin da aka ƙi amsawa dole a maimaita shi, wanda ya ƙi amsawar kuma shi ne yake fara kiransa mita. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana, wato an ba shi damar ya faɗi abin da aka yi masa. Idan baki ya gaza sai a janye jiki, kuma daga yajin da mace take yi idan an ɓata mata ne aka sami yajin aiki, wanda ma'anarsa ita ce a bar wurin har sai an biyo da gyara.

Idan mutum ya ji an cuce shi, hakan ya tabbatar an cuce shi?

Bai tabbatar ba, amma jin ba abin wasa ba ne. A 1982 masanin tattalin arziki Werner Güth da abokan aikinsa a Jamus sun wallafa wani gwaji da ya shahara: a ba mutum kuɗi ya raba da wani, idan na biyun ya ƙi rabon duka su tashi a tutar babu. An maimaita gwajin a ƙasashe da dama, kuma an ga mutane da yawa suna ƙin karɓar kason da ya yi ƙanƙanta ƙwarai, sun gwammace su rasa da a ƙware su. A 2003 kuma Sarah Brosnan da Frans de Waal sun ba da rahoton gwaji da wasu ƙananan birai, inda biri yake karɓar kokwamba a kan aikin da ya yi, amma da ya ga an ba ɗan'uwansa inabi a kan aiki iri ɗaya sai ya fara ƙin karɓa. Masana sun yi ta muhawara a kan fassarar wannan sakamako, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙorafin daga wanda aka ba kaɗan yake fitowa. Haka muke mu ma: ma'auninmu yana da saurin motsi idan mu aka rage wa, yana da nauyin tashi idan mu aka ƙara wa. Saboda haka "na ji haushi" gaskiya ce da ba ta buƙatar shaida, amma kafin a wuce zuwa "an zalunce ni" sai an ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

Yaya mutum zai faɗa wa na gaba da shi cewa an ɓata masa ba tare da rashin ladabi ba?

Hausa ta tanadi sigar da ba ta ambaton mai aikatawa, kuma a nan take da amfani. "Ba a kyauta mini ba" ta isar da saƙo ba tare da ta nuna yatsa ba. "An shiga haƙƙina" ta fi ta ƙarfi, tana kuma nuna cewa akwai abin da ake jiran a mayar. "Abin nan ya tsaya mini a rai" tana buɗe ƙofar magana domin labarin zuciyar mai faɗa ne. Ɗa zai iya ce wa mahaifinsa, "Baba, abin da ya faru jiya ya sosa mini rai," ma'aikaci kuma ya ce wa shugabansa, "Ranka ya daɗe, ina ganin an ƙware ni a wannan rabo." Ladabi a nan yana cikin siga ne, ba cikin rage gaskiya ba. Wanda aka hana albashinsa wata da watanni bai kamata ladabi ya sa ya ce ɗan saɓani ne aka samu ba.

"Yi haƙuri" neman gafara ne?

Wani lokaci ne kawai. Kalmar tana da fuska biyu, domin wanda ya taka ka yana cewa yi haƙuri, wanda ya zo wucewa ya ga an taka ka shi ma haka zai ce, mai ta'aziyya ma ita yake faɗa. Ba ta ɗauke da amsa laifi a cikinta, umarni ce ga wanda aka ɓata wa cewa ya daure. Wannan faɗin nata alheri ne a wurare da yawa, domin tana ba mutane damar sasantawa ba tare da an tsaya tonon silili ba. Amma tana iya zama hanyar danniya, musamman idan masu sulhu suka taru a kan mai rauni suna ba shi haƙuri alhali ba wanda ya ce wa mai ƙarfin ya mayar da abin da ya ci. A irin wannan zama an ɗora wa wanda aka cuta aiki na biyu, kuma idan ya ƙi sai a ce shi ne mai riƙo. Wanda yake nufin neman gafara da gaske yana da kalmomin da suka fi wannan: "na yi kuskure", "ban kyauta ba", "laifina ne", "ka yafe mini". Waɗannan suna sa mai faɗinsu ya sunkuya, shi ya sa suka fi wuyar fita.

Amsoshin ma ba ɗaya ba ne, kuma mai kunne yana rarrabe su. "Ba komai" sau da yawa rufe magana ce kawai, akwai komai. "Ya wuce" tana nufin ba za a sake tayar da zancen ba. "Na huce" labarin zafin ne, ya sauka. "Na haƙura" tana nufin na daina nema, ko don na gaji ko don an fi ƙarfina, kuma mutum yana iya haƙura alhali ƙullin yana nan daram. "Na yafe" ita kaɗai ce take sauke alhaki daga wuyan mai laifi, shi ya sa wasu suke ƙara mata "duniya da lahira", kuma shi ya sa wanda ya san abin da ya aikata ba ya tashi daga wurin sai ya ji ta da kunnensa.